Gwaggona Ba Nas Ba Ce

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu a tsakiyar damina a gidanta na Tungan Maje, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da hantsi aka yi mata sutura, kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta da jar laka a takalmansu. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, mu mata muka cika falo da tsakar gida.

Ban ga sanarwar rasuwar ba sai da rana ta yi. Wata maƙwabciya ce ta miƙo min wayarta, ta ce in duba yadda saƙon ya zaga gari. Babana ne ya rubuta, don shi ne babban namijin da ya rage a zuriyarmu. Ya sa sunanta, ya sa waɗanda ta bari, sannan ya ƙara da cewa marigayiyar tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Na karanta, na sake karantawa. Ina cikin kuka, amma sai da wata dariya mai ɗaci ta taso min, don na san da ana dawowa daga kabari, wannan layin Gwaggo za ta fara gyarawa kafin ta amsa gaisuwar kowa.

Masu ta'aziyya kuwa daga nan suka ɗauka. Matan unguwa na shigowa suna cewa, "Allah ya jiƙan Mama Nas." Wata tsohuwa har rantsuwa ta yi cewa Gwaggo ta taɓa yi wa jikanta allura ya warke. Gwaggo ko kaza ba ta taɓa yi wa allura ba. Abin da na sani shi ne ta bai wa tsohuwar gidan sauro, ta kuma tsaya a kanta sai da ta kifar da tsofaffin tayoyin da ke tara ruwa a bayan ɗakinta. A waje ma haka. Babana yadi yake sayarwa a kasuwar Wuse, abokan sana'arsa suka zo mota guda, ina jiyo su ta taga suna cewa, "Oga, sai haƙuri. Nas ɗinmu ta tafi."

Kowa da alheri ya zo, ban ji haushin kowa ba. Amma baiwar Allahn nan ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta tana gyara wannan kuskuren, a tasi, a kasuwa, a gidan suna. Ga shi ƙasa ba ta bushe a kanta ba, kuskuren ya dawo ya zauna a tabarmar makokinta. Abin da ya fi damuna shi ne ranar sadakar bakwai. Liman zai tashi da lasifika ya faɗi ko wace ce ita kafin a yi addu'a, kuma abin da ya faɗa ranar shi zai zauna a bakin mutane har abada.

Gwaggo mai binciken sauro ce. Iyakar aikinta ke nan, kuma ba ta taɓa yi masa ado ba. A wata cibiyar bincike ta gwamnati ta yi aiki, tun Abuja ba ta cika ba, lokacin da daji ya fi gini yawa. Da damina sai ta zura takalman roba, ta ɗauki ludayi mai dogon hannu, ta bi kududdufai da sawun shanu tana kwasar tsutsar sauro. Manyan kuma da wani siririn bututun roba take kama su, ta sa a baki ta zuƙo, su maƙale a cikin kwalba. Mutanen ƙauye da yawa sun tafi da imanin cewa haɗiye su take yi. Ta dawo da su ɗakin gwaji, ta rene su, ta duba su a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara wa ƙananan halittu girma, ta gano wane iri ne, ina yake kwana, wane magani ke kashe shi, wane ne kuma ya daina yi masa komai.

A hannunta na yi sakandare, lokacin tana gidajen ma'aikata a Wuse, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana makarantar kwana. Ita ta fara sa idona a bakin na'urar. Na ga ƙafar sauro da gashi-gashi, na yi ihu na ja baya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Dawo ki gaisa da ita. Macen ce ke cizo. Namijin ruwan fure kawai yake sha, ya yi ta yawo."

Na tambaye ta me ya kai ta ga sauro, duk halittun Allah. Ba ta yi dariya ba a wannan karon. Ta ce su uku ne a ɗakin uwarsu a ƙauyenmu na ƙasar Katsina: ita, da Babana, da autarsu mace. Wata damina zazzaɓi ya kama autar, kafin a yi wani abu ta tafi. Gwaggo ta ce manya suka ce kwana ne ya ƙare, ita ma ta yarda kwana ne, amma tana so ta san ta wace ƙofa abin ya shigo. Daga nan ta miƙe ta ce in wanke hannu mu ci abinci.

Farar riga biyu gare ta, kuma a nan labarin yake. Ɗaya ta ɗakin gwaji ce, ba ta taɓa fita da ita ko ƙofa ba, don ta ce wanda ya fita da rigar gwaji titi bai san aikinsa ba. Ɗayar kuma ita take kira rigar titi. Wannan ba ta taɓa ganin sauro ba. Wanke ta ake yi a sa mata bula a goge, ta ɗora ta a kan atamfarta, ta yafa mayafi, ta fita. Da ita take shiga tasi mai kore da fari, da ita take cefane, da ita ta je sunan 'yata ta fari, mata na ta walƙiya da leshi ita tana zaune fara sol a tsakiya tana cin waina.

Ina yarinya na ce mata, "Gwaggo, ba zafi?"

Ta ce, "Akwai zafi mana. Amma aikinmu a bayan ƙofa ake yin sa. Yarinyar da ke talla a Wuse yaushe za ta shiga ɗakin gwaji ta gan ni? In ba ta zo ba, ni sai in kai mata."

Matsalar ita ce a garin nan, mace da farar riga sunanta ɗaya. Namiji ya sa, a ce dakta ko injiniya. Mace ta sa, an gama magana. Direban tasi zai leƙo ya ce, "Nas, ina za ki?" Kaico, bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Daga Wuse har inda za mu sauka sai ya sha karatu: inda sauro ke ƙwai, dalilin da ya sa maganin feshin da yake saya ya daina aiki, da abin da zai yi da kwatar gidansa. Wani direba da muka sauka ya ce, "Madam, wallahi na gode, amma next time zan yi shiru." Ta ce, "A'a, ka tambaya. Kana da 'ya mace?" Ya ce yana da su. Ta ce, "To ka je ka gaya musu yau ka ɗauki mace mai binciken sauro."

Kada wani ya ɗauka raina aikin jinya take yi. Ƙawayenta na kusa nas-nas ne, kuma in ta kwanta ciwo ba ta da mutane kamarsu. Cewa take yi, "Aikinsu ya fi ƙarfina, ni ko jini ba na son gani a jikin mutum. Amma in na amsa sunan, na cuci mutum biyu. Na karɓi ladan nas ban yi aikinta ba, sannan yarinyar da ke kallona ta tafi gida tana zaton ƙofa ɗaya ce kawai aka buɗe mata."

A wurin aiki ma ba ta da sauƙi. Abokan aikinta sun ba ni labarin ranar da manyan baƙi suka zo, aka jera maza a gaba don ɗaukar hoto, aka ce matan su je su kula da lemo da cincin. Gwaggo ta kamo hannun ƙananan ma'aikata mata da ke wurin, ta ratsa da su tsakiyar sahu, ta tsaya. Ogansu ya ce, "Madam, space ba zai isa ba." Ta ce, "To mai hoto ya ja baya." Mai hoto ya ja baya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma motsa ba, lemo ya jira har aka gama.

Alherinta ma da farar riga take yin sa. Duk yarinyar da ta ji ta sami shiga jami'a ko kwaleji fannin kimiyya, 'yar dangi ce ko 'yar maƙwabta, Musulma ce ko Kirista, sai Gwaggo ta ja ta zuwa wurin wani tela Bazazzagi a bayan layin masu yadi. A auna ta, a ɗinka mata riga biyu, ta gwaji da ta titi. A kan aljihu kuma a rubuta sunan yarinyar da zare, nata na kanta, ba matar wane ba, ba 'yar gidan wane ba. Ni ma an yi min ranar da na sami gurbin karatun sinadarai. Yau gwajin ruwan sha nake yi, kuma duk abin da na zama a wannan hanyar, ita ta fara share min ita. Ina gode mata, kuma na gode wa Allah da ya sa na faɗa mata haka tana raye, ko da yake amsar da ta ba ni ita ce wuyan rigata bai gogu ba.

Yadin rigunan nan duk daga shagon Babana yake fitowa. Shi ke zaɓo mata farin da ba ya saurin yin ja, shi ke yankawa da hannunsa. Tsakaninsu akwai ƙauna irin ta waɗanda suka rage su biyu. Yaya yake ce mata, ita kuma in tana son tsokanarsa ta ce Alhaji. In ta zo shagon da rigar titi, sai ka ga ya ƙara faɗi a kan kujera. Ya aika a kawo mata fura, ya kira maƙwabtansa, "Ku zo ku gaisa da yayata, nas ce." Nan da nan sai layi: wannan ƙafarsa ke kumbura, wancan matarsa ba ta barci. Gwaggo ta ce musu su je asibiti, ita ba fanninta ba ne. Su tafi suna cewa nas ɗin akwai rowa.

Ta yi ta gyara masa a hankali, a gida, yana cewa to. Ranar da abin ya fashe ina wurin. Wani babban ɗan kasuwa ya zo da 'yarsa budurwa sayen yadi, Babana ya sake gabatar da ita yadda ya saba. Gwaggo ta ajiye kwanon fura.

"Alhaji, ni ba nas ba ce. Ka sani, na sani. Sauro nake bincike."

Mutumin ya tuntsire da dariya. "Sauro? Hajiya, ai sauro ba ya buƙatar bincike, kowa ya san shi. Ki zo gidana ki kwashi na banza."

Shagon ya ɗauki dariya. Fuskar Babana ta canza. Da baƙin suka tafi ya ce, "Yaya, kin kunyata ni a gaban mutane. Ni ina ɗaga ki, ke kina sauke kanki. Wa zai girmama mai bin kwata da ludayi?"

Ta ce, "Ba don shi na faɗa ba. Ba ka ga yarinyar ba? Ita ba ta yi dariya ba."

Ya ce shi bai ga kowa ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce in taso. Daminar nan gaba ɗaya ba ta taka shagonsa ba, shi ma bai zo gidan ba. Ni ce a tsakiya, ina kai gaisuwar da ba wanda ya aiko. Sai da wata yarinyar unguwarmu ta sami gurbin karatu, Gwaggo ta rasa inda za ta sami farin da take so, ta aike ni shagon. Babana ya sauko da bandir, ya yanka, ya ƙara da wani ƙyalle ya ce, "Ki ce mata rigarta ta titi ta tsufa, ana ganin gwiwar hannu." Shi ke nan sulhun. Amma bai daina cewa nas ba, ita ma ba ta daina gyarawa ba, har ta yi ritaya ta koma Tungan Maje, har ciwon ajali. Farin yadin ƙarshe da aka naɗe ta da shi ma, shi ya yanko da hannunsa.

Saboda haka na san ba ƙaramin abu zan taɓo ba da na same shi washegarin rasuwar, bayan sallar la'asar, ya shigo soro shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baba, sanarwar nan akwai gyara. Kafin ranar bakwai a gaya wa liman."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Me zai ƙara mata a kabari?"

Na ce, "Ba zai ƙara mata komai ba. Amma ita ba ta so."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ta gaya miki zancen autarmu?" Na ce ta gaya min. Ya ce, "Ba ta gaya miki wanda ya goya ta ba. Ni ne. Babanmu na gona, ni na ɗauke ta a baya na kai ta ɗakin shan magani na garin gaba, ruwa na dukanmu. Na tarar da ƙofa a kulle. Aka ce nas ɗin ta yi tafiya. A bakin ƙofar nan na ji jikinta ya saki." Ya share fuska da hannun riga. "Ni tun daga ranar ban san wani suna da ya fi nas girma ba. Da na ga Yaya da farar riga, na ce alhamdulillahi, gidanmu ya sami wadda za ta buɗe ƙofa. Shi ne take cewa in ce sauro. In tsaya gaban mutane ranar addu'arta a yi mata dariya? Ba da ni ba."

Na zo da hujjoji cike da baki, duk suka zube. Shekaru ina zaton rashin fahimta ne ko girman kai irin na maza. Ashe mutumin nan mafi tsadar abin da ya mallaka yake ba ta, ita kuma tana mayar masa. Na tashi na bar shi, zuciyata ta kasu biyu.

Ranar sadakar uku wata mata ta zo daga Kwali. Na san ta, ko da yake mun daɗe ba mu haɗu ba. 'Yar Gbagyi ce, uwarta maginiyar tukwane. A wurin uwar Gwaggo ke sayen tukwanen ƙasa, don sauro na son sanyin cikinsu. Sai ta ajiye su a inuwa a bayan gidaje, da safe ta zo ta kwashe waɗanda suka kwana a ciki. Matar ta shigo ta yi mana gaisuwa, ta yi kuka mai isarta. Da ta ji ana ta Mama Nas, Mama Nas, sai ta dube ni, na dube ta. Ta ce in kai ta wurin ƙanin Mama.

A soro muka same shi. Ta durƙusa har ƙasa, ta yi masa ta'aziyya da Hausarta ta mutanen Abuja, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Baba, sannu da haƙuri. Mama shi ne ya yi ni. Ina ƙarami yana zuwa gidanmu sayen tukunya da farin rigan nan. Na ce masa, Mama, kai nas ne? Ya ce no, ni sauro nake bincike. Baba, da ya ce eh, da na koma wasana, don nas na sani, akwai a clinic. Wannan ne ban taɓa ji ba. Na bi shi har bakin rafi ina tambaya."

Babana ya ce, "Yanzu me kike yi?"

"Aikin Mama nake yi. Ludayina yana mota."

"Ba a yi miki dariya?"

"Ana yi, Baba. Har a church ana yi. Amma yaran mata na village ɗinmu suna bi na bakin rafi yadda na bi shi."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi tambayar da na tabbata ita ce a ransa tun yana yaro. "To yaran fa? Sun daina mutuwa?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu ana rasawa. Amma da, sai yaro ya kwanta ake gudu asibiti. Yanzu mun san wane sauro ne, mun san inda yake kwana, mun san maganin da ya daina kashe shi, muna gaya wa masu raba net, gidan sauro. Mama yana cewa nas yana jira a ƙofa, mu kuma muna tare hanya, don kada a kai ga goya yaro a ruwa."

Ban san ko Gwaggo ta taɓa ba ta labarin autar ba, ban kuma tambaya ba. Babana dai ya ɗago ya dube ta, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa aka kawo mata ruwa. Bai tayar min da zancen gyaran ba, ranar da kwanakin da suka biyo. Na cire rai. Na ce a raina to, mu da muka sani sai mu riƙe.

Ranar bakwai gidan ya cika. An ɗaura lasifika a jikin rumfa yadda mu na ciki za mu ji. Falo ya cika da mata, cikinsu da waɗanda Gwaggo ta ɗinka wa riga, wasu da goyo, wasu da furfura ta fara fito musu, ga 'yan matan unguwa sun cunkushe a bakin ƙofa. Liman ya yi bismilla, ya yi salati, ya fara: "Wannan baiwar Allah da muka taru dominta, kowa ya san ta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, wadda..."

Sai muka ji ƙugi a lasifika, kamar an kama ta da hannu. Sai muryar Babana.

"Malam, a gafarce ni. Akwai gyara, kuma ni na yi kuskuren. Yayata ba nas ba ce."

Matar Kwali ta damƙe hannuna.

"Sauro take bincike."

Na ji wani ya yi 'yar dariya a can baya, irin wadda ke suɓucewa mutum. Na runtse ido. Abin da ya guda ke nan, ga shi ya same shi a gaban abokan kasuwarsa. Amma bai saki lasifikar ba.

"Eh, sauro. Da ludayi take bin kwata, na sha jin kunyar faɗa. Muna yara zazzaɓi ya ɗauke mana ƙanwa. Ni na yi kuka na haƙura. Ita kuwa abin da ya ciji yarinyar ta bi, tun tana budurwa har ta tsufa, ba ta fasa ba. Wanda ke da 'ya mace a gida, in ya koma ya gaya mata akwai irin wannan aikin, kuma mace ta yi shi a garin nan. Malam, a ci gaba."

Ba wanda ya sake dariya. Liman ya gyara murya ya ce, "Allah ya jiƙan wannan baiwa taka, mai binciken sauro." Maza suka amsa da amin, amin ɗin ta shigo har falo. Tsohuwar nan mai labarin allura ta juyo ta tambaye ni a hankali, "Wai da gaske ba nas ba ce?" Na ce da gaske. Ta ce, "Ikon Allah. Shi ya sa ta dame ni da tayoyi."

Da aka zo rabon kayan sawarta, atamfofi da mayafai suka tafi inda suka dace. Rigar titi kuwa Babana ya ce a ba shi. Tana rataye a shagonsa na Wuse yanzu, a sama da bandiran farin yadi, gwiwar hannun ta ɗan sake tsufa. Masu sayayya kan tambaya ko ta sayarwa ce. Na je kwanan baya na tarar da wata mata da 'yarta suna ciniki, yarinyar ta nuna rigar ta ce, "Alhaji, ta nas ce?" Babana ya ajiye almakashi, ya jawo musu benci, ya ce su zauna tukuna.

Ya Allah, ga Gwaggo nan ta zo maka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da autarsu a inda babu zazzaɓi. Mu da ta ɗinka wa riga, Ka ba mu ikon sa ta a inda za a gani. Babana kuma Ka ba shi haƙuri, don yanzu shi kaɗai ya rage a ɗakin uwarsu, kuma shi ke yin gyaran.